Me Ya Sa Aikin Farko a Kamfanin Manhaja Yake Zame Wa Matasanmu Ƙaya?

Tambayar da ke yawo a majalisun matasa a Birnin Kebbi, da zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, ita ce: yaya aka yi yaro ya gama digiri a kimiyyar kwamfuta, ya samu aikin da dangi kaf suka taya shi murna a kai, amma kafin shekara ta zagayo ya dawo gida a rame, da bashi a wuya, ko sunan kamfanin ba ya son a ambata? Iyaye suna cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Yaran suna cewa masu kamfanonin ba su da tsoron Allah. Kowane ɓangare akwai abin da ya gani da idonsa, sai dai maganar ba ta tsaya a nan ba.

Zancen ya ƙara zafi tun ƙarshen 2023, lokacin da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT mai burin horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani, aka fara da mutum 30,000 a zangon farko. Daga nan "koyi kodin ka ci dala" ta shiga bakin kowa (kodin shi ne rubuta manhajar kwamfuta). Kullum ana bayanin yadda ake shiga harkar, amma abin da mutum yake tararwa bayan ya shiga ba a cika faɗa ba. Ni na shiga, na kuma fito da tabo, don haka maganar ta shafe ni.

Wane irin kamfani ake nufi?

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko waya don ta yi wani aiki: ta karɓi kuɗin makaranta, ta tura kuɗi daga asusu zuwa asusu, ta ajiye bayanan marasa lafiya. Kamfanin manhaja kuwa shi ne mai ɗaukar mutane su rubuta ta, su gyara ta in ta lalace. Amma sunan ɗaya ne kawai, kamfanonin ba ɗaya ba ne.

Waɗanda ake ji a labarai su ne masu harkar biyan kuɗi ta intanet irin su Paystack, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 200, ko Flutterwave da aka kimanta darajarsa a dala biliyan 3 a 2022. Waɗannan suna da hajarsu ta kansu, suna da masu zuba jari daga waje, kuma yawancinsu a Legas suke. Su ne uba yake tunawa idan ɗansa ya ce ya samu aiki a kamfanin manhaja.

Amma ɗalibin da ya fito daga jami'ar Aliero, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko Kwalejin Waziri Umaru, ko ta Ƙaura Namoda, da wuya ya fara daga can. Inda ya fi faɗawa shi ne ƙaramin kamfani na mutum biyar zuwa goma a Abuja, Kaduna ko Kano, wanda yake rayuwa a kan kwangila: yau shafin biyan kuɗin wata makaranta, gobe tsarin albashin wata ma'aikata. Akwai kuma 'yan tsakiya, masu karɓo aiki daga Turai ko Amurka a farashin dala, su raba wa yara a nan su biya su da naira. A waɗannan biyun ne yawancin koke-koken suke fitowa.

Abin da na gani

Bayan na gama bautar ƙasa, lokacin alawus yana naira 33,000, wani ɗan'uwa ya haɗa ni da mai wani ƙaramin kamfani a Abuja. Ofishin gida ne mai ɗaki uku, falon shi ne wurin aiki. Ranar farko oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Nan ba ofis ba ne, gida ne. Ka ɗauke ni yayanka." Na ji daɗin maganar ƙwarai. Ban tambayi takardar ɗaukar aiki ba, shi ma bai kawo zancenta ba. Albashi da baki aka faɗa mini, muna tsaye a bakin mota.

A makon farko aka damƙa mini manhajar karɓar kuɗin wata makaranta, wadda wani ya rubuta ya bar kamfanin ba tare da ya bar ko layi ɗaya na bayani ba. Babu wanda ya girme ni a aikin da zan tambaya. Wanda ake kira babba a cikinmu shekara ɗaya ya riga ni gama makaranta. Wani dare ana saura kwana biyu a rufe rajista, iyaye suka riƙa biyan kuɗi, banki yana cirewa, amma manhajar ba ta nuna an biya. Wayar oga tana ta ƙara, shi kuma yana tsaye a kaina. Ƙarfe uku na dare na gano matsalar, hannuna yana rawa a kan madannai. Na shimfiɗa dardumar salla a ƙarƙashin tebur na kwanta. Da asuba aka tashe ni da cewa wani sashen kuma ya tsaya.

Wata biyu na farko an biya cif. Na uku rabi ya shigo. Daga nan sai "ma'aikata ba ta saki kuɗi ba, ku ƙara haƙuri." Wata rana Inna ta kira, ta ji muryata, ta ce, "Kai, wanga aiki naka, mi ad daɗinai? Ko Salla ba ka zo ba." Na ce mata lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Ban iya gaya mata cewa kuɗin motar zuwa gida ne ba ni da su ba.

A wata na goma sha ɗaya na tara ƙarfin hali na tambayi oga kuɗin wata huɗu da nake bi. Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na fahimci komai. Ya ce, "Ƙanena, ai koya maka aiki nake yi. Da a wani wuri ne kai za ka biya ni."

Yaron gida ne ko ma'aikaci?

A nan gizo yake saƙar, kuma nan ne iyaye da 'ya'yansu suke saɓa wa juna ba tare da sun lura ba.

Mu Hausawa muna da tsarin koyon sana'a da muka gada. Ka je kasuwar Jega, ko wajen dillalan albasa a Aliero, za ka ga yaro ya shekara biyar ko bakwai a ƙarƙashin ubangidansa ba a yanka masa albashi ba. Amma ubangidan nan shi ke ciyar da shi, shi ke yi masa ɗinkin Salla, in ya kwanta ciwo shi ke kai shi asibiti, in aure ya zo shi ke tsayawa. Yana zaunar da shi kusa da shi ya nuna masa yadda ake gane kaya da yadda ake magana da mai saye. Ranar da lokaci ya yi kuma ya sallame shi da jari. Ba a rubuta ko harafi ɗaya ba, amma kasuwa duka shaida ce. Ubangidan da ya ci gumin yaro ya kore shi hannu rabbana, maƙwabtan rumfa da shugabannin kasuwa ba za su bar shi ya sha ruwa ba, kuma ba wanda zai sake ba shi ɗansa.

Aikin albashi kuwa wani tsari ne daban. Kai ka ba da lokacinka da iliminka, a ba ka kuɗi a ƙarshen wata. Ba wanda zai yi maka aure, ba wanda zai ba ka jari, amma haƙƙinka a bayyane yake, kuma takarda ce shaidarka.

Abin da ke faruwa a yawancin ƙananan kamfanonin nan shi ne, mai kamfani yana tsintar abin da ya yi masa daɗi daga kowane tsari. In ana maganar awannin aiki, kai yaron gida ne, ba ka da lokacin tashi, kuma ba a yi wa yaya musu. In ana maganar ciwo, ko haya, ko koyarwa, kai ma'aikaci ne, kowa tasa ta fishe shi. In ana maganar albashi, sai ka koma ɗan koyo. Ga shi babu kasuwar da za ta yi shaida, domin yaron yana Abuja, iyayensa suna Argungu ko Yawuri, ba wanda ya san ogan balle ya ji kunyarsa.

Shi ya sa idan uba ya ce wa ɗansa "ka yi haƙuri, mu ma haka muka yi wa iyayen gidanmu bauta," gaskiya yake faɗa game da abin da ya sani. Haƙurin da ya yi yana da ranar biya. Wanda ake nema daga ɗansa ba a sa masa rana ba.

Sai kuma kunya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa tambayar "nawa za a ba ni?" rashin ta ido ne, musamman in wani babba ne ya kai ka. Neman a rubuta takarda kuwa kamar ka ce ba ka yarda da mutum ba ne. Tarbiyya ce mai kyau a inda kowa ya san kowa. A wurin da ba a san asalinka ba, ita ce ƙofar da ake bi a cuce ka. Kuma addininmu bai hana tambaya ba: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Ta bakin masu kamfani

Adalci ne a saurare su, domin ba dukansu ne macuta ba. Ƙaramin kamfanin da ya dogara da kwangilar gwamnati yana iya gama aiki ya yi watanni yana bin fayil daga ofis zuwa ofis. Kuɗin hayar manyan kwamfutocin da manhaja ke zaune a kansu da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A tsakanin nan aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin kunna janareto ya ninka. Wanda ya sa hannu a kwangila da naira kafin wannan lokaci, ya ga ribarsa ta narke a hannunsa. Ina kamfanin lokacin, na ga yadda abin ya taɓa ogana, ba zan ɓoye ba.

A waje ma kasuwar ta juya. Tun da babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a Maris 2022, masu zuba jari suka ja hannu. Meta, mai Facebook, ta sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000 a Janairun 2023. Tun kafin nan ma, a Satumban 2019, Andela, wadda aka san ta da horar da sababbin masu rubuta manhaja a Afirka, ta rabu da kimanin 400 daga cikinsu a Najeriya da Kenya da Uganda, ta ce kwastomominta ƙwararru suke nema. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna yin wani ɓangare na ƙananan ayyukan da a da sabon shiga ake ba. Masu neman aikin farko sun yi yawa, guraben sun ragu, kuma duk inda haka ta faru mai ɗauka ne ke da wuƙa da nama.

Suna kuma cewa ɗalibi yana zuwa da satifiket amma bai taɓa gina abin da mutum ɗari suka yi amfani da shi ba, sai ka yi wata shida kana gyara masa hannu, da ya iya sai ya tsallake zuwa inda ake biyan dala. Akwai gaskiya a ciki. Amma a ganina duk wannan bai wanke su ba. Wanda ya san kuɗinsa ba sa shigowa a kan kari, ya faɗa tun ranar farko, yaro ya zaɓa da idonsa a buɗe. Wanda ya ce koyarwa yake yi, to ya ajiye wanda zai koyar. Ɗaukar hatsarin kasuwanci a ɗora wa wanda ya fi kowa rauni a ofis, ba tare da an gaya masa ba, zalunci ne ko da mai yin sa shi ma yana cikin matsi.

Me doka ta ce?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Ta hana a ja biyan lada fiye da wata guda, ta kuma ba da hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan shekara. Sai dai akwai rami a cikinta: a sashe na 91, wajen fassara waye "ma'aikaci", ta cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwarewa. Dokar tun shekarun 1970 take, an tsara ta ne da leburori da akawuna a zuci. Mai rubuta manhaja yana iya faɗawa cikin waɗanda aka cire, wanda ke nufin babbar garkuwarsa ita ce yarjejeniyar da ya ƙulla da kamfani. Ka ga ke nan wanda bai karɓi takarda ba ya shiga fili ba garkuwa.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma yawancin kamfanonin da muke magana a kansu ba su kai haka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, amma ta ambaci kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye. Don haka za ka iya samun mai digiri yana karɓar abin da bai kai naira 77,000 da ake ba ɗan bautar ƙasa yanzu ba, babu fansho, kuma a takarda ba a karya doka ba.

Duk da haka ƙofa ba a rufe take ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ikon sauraron duk rigimar aiki, ba leburori kaɗai take saurara ba. Tana duba ƙarar albashin da aka riƙe da korar da ba ta kan ƙa'ida, tana da sashen sasanci, kuma tana da reshe a Sakkwato. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da shaidar da ta fito daga na'ura in an cika sharuɗɗanta, don haka saƙon WhatsApp da oga ya ce "zan biya ka ƙarshen wata", da bayanan banki da ke nuna abin da aka saba turo maka, ba abin yarwa ba ne. Matsalar ita ce yaron da ba shi da kuɗin mota, ina zai samu na lauya? Ga kuma tsoron kada a ɓata masa suna a harkar da kowa ya san kowa.

Aiki daga gida: sauƙi ne ko ƙarin kaya?

Wasu suna ganin mafita ita ce a zauna a Birnin Kebbi ko Gusau a yi wa kamfanin aiki ta intanet. Yana rage haya, kuma mutum yana kusa da iyayensa. Amma kuɗin da kamfani ya kamata ya kashe sun dawo kan yaro: shi zai sayi kwamfuta, shi zai sayi data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, shi zai nemi sola ko fetur in wuta ta ɗauke. A Zamfara kuwa an ga abin da ya fi haka a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Duk mai aiki ta intanet a Gusau a lokacin, ko ya bar jihar ko aikin ya bar shi. Kuma wanda ba a taɓa ganin fuskarsa a ofis ba shi ne mafi sauƙin sallama: a cire shi daga zauren aiki, a canza kalmar sirri, shi ke nan.

Wa abin yake shafa?

Na farko shi yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike a 2021 da ya nuna yin aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara hatsarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Amma abin da na fi gani a abokaina ba na jiki ba ne. Mutum ne zai fito yana ganin shi ne bai iya ba. An ba shi aikin da ya fi ƙarfin sabon shiga, ba mai nuna masa, da ya kasa aka ce masa daƙiƙi ne, shi kuma ya yarda. Na san wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba, yau ko buɗe kwamfuta ba ya so.

Sai gida. Kwamfutar da yaron yake aiki da ita, sau da yawa buhunan shinkafa aka sayar aka saya, ko ragon da uwa ta yi shekara tana kiwo. Ana jiran ya fara ɗauke kuɗin makarantar ƙanne, sai ga shi ana tura masa na abinci. Ga 'ya'ya mata kuma abin ya fi muni: uba ɗaya ya ji cewa a irin wannan aiki ana kwana a ofis, ya isa ya hana 'ya'yan unguwa guda shiga fannin.

Har wanda bai san mene ne kodin ba abin yana iso shi. Uban da ya biya kuɗin makaranta aka cire masa a banki amma shafin ya ce bai biya ba, ma'aikacin ƙaramar hukuma da sunansa ya ɓace daga jerin albashi, mara lafiyar da bayanan ciwonsa suke ajiye a manhajar da ba a kulle da kyau ba, duk suna cin sakamakon aikin da yaro mai jin barci da yunwa ya yi shi kaɗai da tsakar dare. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su, amma a kamfanin da ma'aikata suke canzawa duk bayan 'yan watanni, kalmomin sirri suna hannun mutanen da suka tafi da fushi. Ni kaina na yi wata biyu da barin aiki kafin a tuna a rufe mini hanyar shiga bayanan ɗaliban makarantar nan.

Kafin a ce "na karɓa"

Da ƙanwata ta samu tayin irin wannan aiki bana, abin da na ce ta tambaya kaɗan ne. Nawa ne albashin, ranar nawa ga wata, kuma a rubuce. Wa zai duba aikinta ya gyara mata, shekara nawa ya yi a harkar. Wanda ya riƙe kujerar kafin ita, me ya sa ya tafi, kuma za a iya ba ta damar magana da shi. In an ce lokacin gwaji ne, wata nawa ne, me zai biyo baya. In an ce za a ba ta kaso a kamfani maimakon cikakken albashi, kason nawa, a wace takarda. Ta ce, "Yaya, ai sai su ce ban da kunya." Na ce mata Baba ya kira su ya tambaya a madadinta, kamar yadda zai yi in da wani ɗan kasuwa zai ba ɗansa. Baba ya kira. Sun turo takardar bayan kwana uku.

Kuɗina na wata huɗu kuwa har yau ba a biya ni ba. Saƙonnin da oga ya yi mini alkawari a cikinsu suna cikin wayar da na sayar a tashar mota, ranar da zan dawo Birnin Kebbi, don in cika kuɗin hanya.